Sunan Mai Waya

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

Bismillah. Ya yi. Alhamdu lillahi, ya yi.

Tun safe nake fama da layi guda na umarnin ordinatar, wato kwamfuta, ashe alamar baka ce na buɗe ban rufe ba. Na rufe ta, na danna, sai ga takarda a fuskar ordinatar, suna a tsakiya ɓaro-ɓaro, kwanan wata a ƙasa. Na ɗan zauna ina kallo. Ba kowa a biron, ofishinmu na Dakoro, sai ni da fanka.

Bari in rubuta yadda abin yake, don baɗi kada in manta. Ƙungiyarmu ta yi wa mutanen karkara formasiyo, wato horo, ta waya a kan rigakafin kaji da awaki. Darasi takwas ne, ana saurare da Hausa ko Fillanci, a ƙarshe a amsa tambayoyi. Wanda ya gama a ba shi atestasiyo, takardar shaida. Da ita za a ɗauke shi aikin rigakafi na bana, a ba shi gilasiyar, akwatin sanyi, da magani ya shiga gida-gida. Ɗaukar suna ranar Litinin 4 ga Nuwamba. Ba takarda, ba aiki.

Bara sittin na buga da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kwana biyar, har wuyana ya ƙage. Bana ɗari da arba'in da uku ne. Shi ya sa Safi, mai kula da ordinatoci a bironmu na Maraɗi, ta koya mini sikirif: jerin umarni ne da kake rubuta wa ordinatar, ta ɗauki lis ɗin sunaye, ta bi suna-suna, ta zuba kowanne a takardarsa. Wata uku muna yi ta waya. Wai mamaki nake ba ta, mace mai shekara arba'in da bakwai da ba ta shiga lakkol ta boko ba sai da ta yi ƴaƴa uku. Ni ban ga abin mamaki ba. Wadda ta yi shekara tara tana rubutun allo a zauren Baba, inda ɗigo guda ke sa a wanke allo duka, wannan ba zai firgita ta ba. Ka rubuta daidai, a karanta daidai. Shi ke nan.

Sharaɗi uku na sa masa. Darasi takwas cif. Maki saba'in cikin ɗari. Suna yadda yake a lis, ba ragi ba ƙari. Kowace takarda kuma da ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo a gindinta, in an haska da waya sai ya nuna sunan mai ita yadda yake a ajiye can Maraɗi. Mai son ya goge suna da hannu, sai ya goge na Maraɗi tukuna.

Talata, 15 ga Oktoba

Mushe Harouna, shugaban biro, ya tsaya bayana da kofin shayi.

"Malama Haula, akwai wani mutumin Rumbu, ƙanen mai gari. Sittin da shida ya samu. Huɗu ce tak ta rage. Ki ɗan..." Ya yi da hannu kamar mai tura ƙyaure.

Na ce Mushe, ai ba ni ba ce, injin ne ba ya karɓa.

"To a lallashe shi mana."

Na ce ba ya jin lallashi. Ya yi dariya ya wuce.

Daɗin abin ke nan. Da can in an roƙe ni irin wannan sai in yi ta kame-kame. Yanzu na samu mai cewa a'a a madadina, kuma shi ba a fushi da shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Takarda mai kauri ta iso daga Maraɗi. Tawada ba ta iso ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Tawada ta zo a motar safe. Wuta ba ta ɗauke ba, ikon Allah.

Minti shida sikirif ya yi ya haɗa duka ɗari da arba'in da ukun. Shida! Imprimanti mai buga takardun ce ta ja mu har kusan azahar, tana yi tana tari. Na ɗauki lis a hannun hagu, takardu a dama, na bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Babu wadda ta kauce. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama, don ido yakan saba ya riƙa ganin abin da yake so. Babu.

Mushe ya sa hannu har ya ce yatsansa ya mutu. Na buga hatimi. Na jera su cikin kwali uku: Korahan, Rumbu, Ajekoriya. Rabo ranar Alhamis 31.

Na aika wa Safi hoto. Ta ce, "Gwanata!" Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa littafina ba. Astagfirullah in alfahari ne.

Litinin, 21 ga Oktoba

Wata mata ta zo da hantsi. Bafillata ce daga wata ruga a bayan Korahan, za ta yi arba'in, siririya, ƙafafunta fari fat da tafiya. Motar kasuwa ta hau, sauran ta taka. Ta tsaya a bakin ƙofa sai da na ce shigo sau uku.

Mamani, animatar ɗinmu, wato wakilinmu na can, ya karanta musu sunayen waɗanda suka ci, ba ta ji nata ba. Ta zo ta ji ko an manta.

Na ba ta ruwa. Na ce sunanki? Ta ce Inna ake ce mata, amma a katin gwamnati Kadija Samba ne. Na nemi Inna, babu. Kadija Samba, babu. Na nemi Samba kaɗai, maza biyu suka fito. Na ce Inna, kin tabbata kin yi takwas ɗin? Ta ƙidaya mini su a yatsa, da kan kowane darasi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce kan tudu take hawa saboda rezo, a can waya ke kamawa, bayan ta gama tatsa.

Na ce da wace waya? Ta kwance bakin zane ta ciro gutsuren kwalin shayi, an rubuta lamba a jiki. Na zuba lambar. Ga shi: darasi takwas, maki casa'in da ɗaya. Suna, Yazidu Umaru.

Na karanta sunan da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi.

Na ce shi ne maigidanki? Ta girgiza kai. Na ce to wane ne? Can ta ce, "Babban gidanmu ne."

Wan mijinta ke nan. Ba za ta kama sunansa ba ko da wuƙa a wuya, balle ta yi jayayya da shi. Shi kaɗai ke da babbar waya a rugar. Matarsa ke karɓo mata, ta yi karatu, ta mayar ta hannun matar.

Na yi mata bayani a hankali, yadda zan so a yi mini. Na ce takarda ta fita da sunan da ke lis. Ni ba ni rubuta abin da ban gani ba. In na canza don kin faɗa, gobe wani ya zo ya faɗa, jibi wani. Na ce injin ba ya karɓar magana ta baki.

Ta ce, "To."

Ta sha sauran ruwan, ta ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafar tebur, ta ɗaure kwalinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Malama, ita takardar tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce ko za ta gan ta. Na ciro daga kwalin Korahan na nuna mata. Ba ta taɓa ba. Ta duba ta ce tana da kyau.

Daidai na yi. Na sake auna shi bayan la'asar, daidai na yi.

Talata, 22 ga Oktoba

Sikirif bai yi kuskure ba. Abin da aka ba shi ya buga. In akwai gyara, can wajen masu ɗaukar suna yake, ba a teburina ba.

Casa'in da ɗaya, amma. Mutum huɗu ne kawai suka fi ta a duk lis ɗin.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na kira Safi a kan wani abu dabam, sai na tsinci kaina ina ba ta labarin. Ta ce, "Ai sai ki saurari muryar." Na ce wace murya? Ta ce Haula, ba na gaya miki ba? Tambayar ƙarshe da baki ake amsa ta, saboda marasa rubutu. Kowace amsa tana ajiye. Can gefen lis ɗin, a gida na goma sha ɗaya, akwai wurin dannawa.

Gida na goma sha ɗaya. Ni na ce wa sikirif ya ɗauki na biyu, na biyar, na shida, na tara. Sauran ban ma ja allon na duba ba, tunda ba su shiga takarda.

Na nemi Yazidu Umaru na danna.

Iska tukuna, kamar mutum na tsaye a fili. Akuya daga nesa. Sai muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana haki kaɗan: "Salamu alaikum. In an buɗe kwalbar magani ba a kwana da ita. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata, a ware ta. A fara da gidan da babu ciwo, a ƙare da gidan da ake zato." Sai ta ce, "To, na gama," kamar mai neman izinin tashi.

Ita ce. Ko cikin mata ɗari zan gane wannan "to" da wannan "na gama".

Na saurara sau uku. Ban san me nake nema a na ukun ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na rufe ƙofar biro na bi su duka, ɗari da arba'in da uku. Daga safe har bayan la'asar, salla kaɗai ta tashe ni. Kunnena har yanzu yana amsa kuwa da kukan kaji.

Goma sha ɗaya. Sunan namiji, muryar mace: goma. Na sha ɗayan kuwa wani gardi ne mai murya kamar ganga, a lis an rubuta shi Balkisu. Wayar tsohuwarsa ce. A nan kam na yi dariya ni kaɗai.

Na kira Mamani. Bai ma gane abin da ya dame ni ba.

"Malama, ai takardar da anka ba mu cewa ta yi lambar waya, suna. Mu kuwa munka tambayi sunan mai waya. A ruga in ka ce wa mace wayar wa, ai ba ta cewa tawa."

Na ɗauko takardar ɗaukar sunan na duba. Lambar waya. Suna. Ni na buga ta, watan Yuli. Ni na tsara ta ma, don ta zo daidai da abin da sikirif zai ci.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ina tankaɗe sai Baba ya faɗo mini, Allah ya jiƙansa. Ba ya yarda wani ya zo ya ce masa wane ya haddace izu kaza. Ko ɗan'uwansa ne ya faɗa. Sai ya ce a kira shi ya zauna, ya biya, in ji da kunnena.

Ni allon na ɗauko daga zaurensa, kunnen na baro can.

Ba wani abu ba ne. Gyara ne, kuma na san yadda za a yi shi: Safi ta canza suna a Maraɗi, in sake danna sikirif a kan sha ɗayan, minti guda. Sai dai Safi ba ta taɓa lis sai da sa hannun Mushe.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na kai wa Mushe sha ɗayan a rubuce, kowanne da lambarsa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ba ke kika ce mini injin ba ya jin lallashi ba?"

Na ce ni ce.

"Mutumina na Rumbu huɗu ta rage masa, kika ce ba a taɓa lis. Yau ke za ki taɓa shi wuri goma sha ɗaya?"

Na ce wancan bai ci ba, Mushe. Waɗannan sun ci, wasu aka rubuta. Muryata ta yi ƙasa har ya ce me kika ce, na maimaita.

Ya ce to, duk mai wayar da ya yarda da bakinsa cewa ba shi ya yi karatun ba, zai sa hannu. Wanda bai yarda ba, ba ruwansa, ba zai shiga rigimar gidan mutane kwana uku kafin biki ba.

Mamani ya yini yana kira. Goma sun yarda ba gardama, wasu har da dariya. Wani ya ce, "Ni da ko sunana ban iya ba?" Tsohuwa Balkisu ta ce a ba ɗanta, ita me za ta yi da takarda.

Yazidu Umaru ya ce gobe yana zuwa nan Dakoro, zai biyo ya karɓi tasa tun kafin taro.

Talata, 29 ga Oktoba

Ya zo wajen goma, a kan mashin, rawani har hanci. Dogo, dillalin shanu, da gani ya saba a saurare shi. Da ya ji Mushe Ba'are ne, sai wasan taubasai ya tashi tun daga ƙofa.

"Ashe Ba'are anka ɗora a kujera? Shi ya sa aiki ke tafiya kamar jaki da ciki. Tashi ka gaida ubangidanka."

Mushe ya ce, "Bafillace a kan mashin! Wa ka bar wa shanun, ko sun gudu sun bar ka?"

Suka tafa, aka kawo shayi. Ni ina gefe, takardar tana cikin aljihun teburina, makulli a bakin zanena.

Mushe ya ce masa akwai ƴar magana. Ya dube ni. Na danna muryar. Iska, akuya, salamu alaikum.

Yazidu ya saurara har ƙarshe, ko gezau. Ya ce, "Muryata ce. Mura ce ta kama ni ran nan."

Mushe ya kusa shaƙewa da shayi.

Sai ya daina wasa. Ya ce waya tasa, shi ke sa mata kuɗin kira, shi ke kai ta caji Korahan. Sunansa aka tambaya, sunansa aka rubuta. Ita matar ƙanensa ce, cikin gidansa take ci take sha, in shi ya samu ai ita ta samu. Mace ina za ta iya yawon rigakafi? Ko mashin ba ta hawa. "Ku tambaye ta. In ta ce a gabana takardar tata ce, ku ba ta."

Ya san ba za ta ce ba. Mu ma mun sani.

Mushe ya sosa kai ya ce, "Malama, tunda gida ɗaya ne, kuma sunansa ne a lis, a ba shi su sasanta can. Ai injin ma shi ya sani."

Da na yi shiru, da an wuce wurin. Sharaɗin nawa ne, yana bayan Yazidu. Na ce injin bai san kowa ba, Mushe. Ni na ji ta. Hatimin da ke jikin takardar nan da hannuna na buga shi, shaida ce, kuma ba zan ba da shaidar abin da na san ba haka yake ba. In za ka ba shi, ga makulli, ka buɗe da kanka.

Na kwance makullin na ajiye a kan tebur.

Ba wanda ya ɗauka. Fanka kawai.

Yazidu ya ce, "To a karanta mini ita ma in ji abin da ake hana ni." Mushe ya yi mini alama. Na buɗe na karanta, ina mayar masa da Hausa: ana shaida cewa wane ya kammala karatun rigakafin kaji da awaki.

"Na mi?"

Na ce kaji da awaki.

"Kaji?" Ya sauke rawani daga bakinsa. "Ba shanu ba? Mamani ya ce rigakafin dabbobi!"

Mushe ya ce ai kaza ma dabba ce. Gida-gida za ka bi, ka yi sallama da mata, su kamo maka ka ɗaga fiffike.

Ashe ya riga ya shaida wa abokansa a kara, kasuwar shanu, cewa an ba shi takardar likitan shanu. Ya miƙe. Ya ce, "Ku riƙe kajinku." A bakin ƙofa ya ƙara da cewa daga yau wayarsa ba ta sake shiga hannun mace, tunda abin ya zama a kai shi biro a kunna masa murya gaban Ba'are.

Mushe ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Da ya gama ya ce, "Bai dai ce ya yarda ba." Na ce bai ce ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya shige.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na tarar da takardar sha ɗayan a kan teburina, da sa hannun Mushe. Safi ta canza, na danna, suka fito. Na haska na Kadija Samba da wayata: Kadija Samba. Tsofaffin na yaga su biyu-biyu a gaban Mushe.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An yi biki. Rumfa, kujeru, lasifika mai kuwa, jawabi uku da za su iya zama ɗaya. Ni ke miƙa wa Mushe takarda, shi ya kira suna. Gardin tsohuwa Balkisu ya sha tafi.

An kira Kadija Samba sau biyu. Mushe ya ce Inna. Ba kowa.

Mamani ya raɗa mini cewa ba za ta zo ba. Labari ya riga ya kai ruga. In ta tsaya gaban jama'a ta karɓi abin da aka karɓe daga hannun wan mijinta, ta tozarta shi ke nan. Ta ce a gode wa Malama, a bar ta.

Litinin ake ɗaukar suna, kuma sai da takarda a hannu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Shekara goma sha ɗaya ina wannan biro, ina buga Korahan a takarda, yau na fara taka ta. Na ce wa Malam maigidana aiki ne, ya ce ranar Asabar? Na ce ranar Asabar. Motar kasuwa zuwa garin, daga nan matar Mamani ta raka ni a ƙasa. Gero duk an yanke, sai kara. Ta nuna mini tudun da ake samun rezo. Da nisa daga rugar, ga yashi. Sau takwas, da na jarrabawa tara.

Ba mu shiga ta gaba ba. Muka zaga bayan bukkoki inda mata ke sussuka. Inna ta gan ni ta saki taɓarya.

Na sa takardar cikin leda, na naɗe cikin ɗankwali, don kada wani ya gani ya ce an zo da gayya. Ta ja ni cikin ɗakinta tukuna ta buɗe. Ta goge hannu a zane har sau biyu. Ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na ɗora yatsanta a kai, na ja shi daga hagu zuwa dama. Ta ce, "Duk wannan?" Na ce duk.

Na ce Inna, ranar da kika zo na sallame ki ba tare da na bincika ba. Ki yafe mini. Ta ce, "Ai kin ba ni ruwa."

Na tambaye ta wayar. Ta ce waya kam ta tafi, matar babban ma ba a ba ta yanzu. Na ce ni na jawo. Ta ce a'a, a hankali zai huce, ko kada ya huce. Mijinta yana arewa da shanu, an gaya masa, ya aiko cewa ta je. Na ce to Litinin fa? Ta duba waje, ta duba takardar.

"In na bi ta bayan rijiya ba na wucewa ƙofarsa."

Ta ba ni nono a ƙwarya, na sha har na ji kunya. Ta zura takardar ƙarƙashin jeren ƙorai, can cikin ta ƙasa.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Mamani ya aiko: ta zo, ita ce ta uku a layi. An ba ta gilasiyar, ta ɗora a ka.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Sabon formasiyo zai fara, na adana ciyawa. Na sake tsara takardar ɗaukar suna. Gida biyu yanzu: wayar wa, da wa ke karatu. Na kuma ƙara wa sikirif layi bakwai. In ya zo kan suna sai ya tsaya, ya kunna muryar, ya jira in danna kafin ya wuce.

Safi ta duba ta ce, "Haula, kin samu mota kin ɗaura mata jaki a gaba. Minti shida zai koma kwana biyu." Na ce ƙaramin gyara ne.

Ƙaramin gyara ne. Sikirif bai taɓa yin kuskure ba, wannan ina nan a kansa.

Ɗazu Mamani ya kawo lis ɗin farko na Ajekoriya. Suna talatin da ɗaya, rubutu tsaf, kowane gida a cike, ba abin da za a ce. Na yaba masa. Na daɗe ina kallon takardar bayan ya fita shan shayi.

Da ya dawo na tambaye shi ko akwai wuri a motar Alhamis mai zuwa Ajekoriya, in je in ji su da kunnena.